Ƙwan Kantar Sama

Shekara ashirin da shida Mai Ƙwai ya yi yana buɗe ɗakin nan da ƙarfe bakwai saura kwata. Ɗaki ne a ƙarshen baranda, a hawa na biyu, a sashen da ake binciken yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun halitta tana tayi. Injin ƙyanƙyasa biyu ne a ciki. Ɗaya ya mutu tuntuni an mayar da shi ma'ajiyar safar hannu, ɗayan yana nan yana gurnani da kantocinsa uku. A gindin taga akwai dogon tebur da madubin ƙara girma a kai, da wata kujera mai ƙafa uku wadda zamansa ya lotsa. Sunansa na yanka kuwa, ko Farfesa, matar da ke shugabantar sashen, sai ta duba takarda kafin ta tuna shi. Kowa Mai Ƙwai yake cewa, har matarsa idan ta so tsokana.

Ga yadda aikin yake. Ranar Litinin motar gona takan kawo ƙwan kaza irin wanda zai iya ƙyanƙyashewa. Sai ya goge kowanne, ya kwantar da shi, ya ja layi da fensir a saman ɓawon, ya sa a inji. Bayan kwana ɗaya da kusan rabi ya fito da shi, ya zuƙe ɗan farin da sirinji don gwaiduwar ta sauka, ya yanka taga a ɓawon da ƙaramin almakashi, ya tura 'yar tawada a ƙarƙashin tayin don a gan shi. A lokacin tayin bai fi ƙwayar shinkafa ba, ƙwaƙwalwarsa kuma ɗan bututu ne kawai mai kumburi uku. Ƙwayoyin halittar da ke jikin bututun ba su san me za su zama ba tukuna. Maƙwabtansu ne ke aiko musu da saƙo, wani sinadari da suke fitarwa, mai cewa ku na nan ku zama wajen gani, ku na can ku zama wajen da zai riƙe jiki kada ya faɗi. To, mutanen sashen sukan jiƙa wata 'yar tsakuwar roba, wadda ta fi ƙwayar yashi ƙanƙanta, a cikin irin wannan sinadari, a dasa ta a jikin bututun inda saƙon bai saba zuwa ba, a rufe tagar da salatif, a mayar da ƙwan inji. Bayan kwana uku a buɗe a ga ko ƙwayoyin wurin sun ji saƙon sun canja hanya.

Dasa tsakuwar nan shi ne sarautar Mai Ƙwai. A aji uku na sakandare ya bar makaranta, shekarar da mahaifinsu ya rasu, ya shigo sashen da tsintsiya a hannu. Amma Allah ya ba shi hannun da ba ya rawa. Masu digiri sun zo sun tafi, wannan ya huda gwaiduwa, wancan ya tsinka bututun, wata ta yi atishawa tsakuwar ta yi nata wuri. Shi kuwa sai ya kafa ƙaramin yatsansa a bakin tebur, ya ɗauke numfashi, ya ajiye ta daidai inda aka ce. Ba ya karanta takardun da ake bugawa, amma ya san duk hoton da ke cikinsu daga ƙarƙashin hannunsa ya fito, kuma wannan ya ishe shi. Ko kuwa haka yake zato, har ranar da aka ɗauki ƙanensa aiki.

Ƙanen nan shi ne autansu, shekara goma sha huɗu tsakaninsu. Mai Ƙwai ne ya goya shi a keke zuwa ajin farko. Yaron ya yi ta karatu kamar wanda aka yi wa baki, ya tafi nesa, ya dawo da gilashi a ido da farar riga mai sunansa a aljihu. A gida Auta ne, a sashen kuwa Dakta. Can inda ya yi karatu ba a taɓa ƙwai. A faranti suke renon ƙwayoyin halitta, komai da ma'auni da agogo. Tun ranar farko masu gadi suka fara miƙe masa, masu gadin da shekara ashirin da shida iyakarsu da Mai Ƙwai ɗaga gira.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Ranar Asabar da hantsi sukan haɗu a ɗakin mahaifiyarsu, tsohuwa mai ciwon gwiwa da kaifin baki. Wata Asabar maƙwabciya ta leƙo, tsohuwar ta nuna Auta da cokalin shayi ta ce ga wanda yake gano yadda Allah ke gina ƙwaƙwalwa. Maƙwabciyar ta tambayi babban fa.

“Shi yana nan yana yi wa kaji reno,” in ji tsohuwar. “Ya fi kaza iya kwanci.”

Aka yi dariya, har da Auta, wanda ya rufe baki da hannu. Mai Ƙwai ma ya yi, irin dariyar da iyakarta haƙori. A hanyar gida matarsa ta ce masa fuskar nan tasa ko madara ta kalla sai ta tsinke, kuma ya ji tsoron Allah, ɗan'uwansa ne ciki ɗaya. Ya ce shi me ya ce? Ta ce ai da ya ce wani abu da hankalinta ya fi kwanciya.

Ba a yi wata biyu ba wani sabon sinadari ya iso sashen, a 'yar kwalba kamar kan yatsa, cikin akwatin ƙanƙara. Shekara guda ana jiransa, kuma ba zai wuce gwaji huɗu ba. Farfesa ta shigo ɗakin ƙwai da kanta, abin da takan yi wata uku ba ta yi ba saboda taruka. Ta ce wannan aikin na Dakta ne daga farko har ƙarshe, shi zai rubuta, don haka shi ya kamata ya dasa. Mai Ƙwai ya shirya masa ƙwan, ya koya masa riƙe allura, ya ba shi kujerar.

Kujerar. Haka ta faɗa, kamar wadda ta ce a miƙo gishiri.

Sati biyu ya yi yana koya wa Dakta da tsakuwar da ba a jiƙa ba, yana tsaye a bayansa yana jiran ranar da zai huda gwaiduwa a ce to, a mayar wa mai abu abinsa. Ya huda biyu a rana ta farko. Daga nan bai sake ba. Wannan ya fi komai ci wa Mai Ƙwai rai, don ashe hannun ma ba nasa ba ne shi kaɗai, na gidansu ne.

Ana gab da fara gwajin gaske, Dakta ya same shi yana fito da wasu ƙwai tun kafin lokacin da aka rubuta. Ya tambayi dalili. Mai Ƙwai ya ce ya ga sun yi ne. Dakta ya gyara gilashi, ya yi magana a gaban ɗalibai biyu da ke wanke hannu.

“Yaya, don Allah nawa kam awa talatin da huɗu cif. Kada a rage, kada a ƙara. Wannan ba aikin ido ba ne, aikin agogo ne.”

“To, Dakta,” in ji Mai Ƙwai. Bai taɓa kiransa haka ba sai ran nan.

Akwai abin da babu wanda ya sani a sashen sai shi. Kantar sama ta injin nan ta fi sauran zafi. Ma'aunin da ke jikin ƙofa zafin kantar tsakiya yake nunawa, kuma shi kowa yake dubawa ya rubuta. Mai Ƙwai da bayan hannunsa ya gano abin, tun shekararsa ta biyu, bayan an canja wa injin fanka. Ƙwan kantar sama yakan riga na ƙasa girma da awoyi masu dama. Shi ya sa ba ya bin agogo. A bayan tayin akwai wasu ɗigo-ɗigo da ke fitowa bibbiyu a jere, a ɗakin ana ce musu gaɓa, duk awa ɗaya da rabi sai a sami ƙarin ɗaya. Su yake ƙirgawa. Idan sun kai goma, lokacin dasawa ya yi. Ya kuma lura tun da daɗewa cewa tayin da ya zarce haka sosai kunnensa ya toshe, ko wane saƙo aka kai masa ba ya ji, ya riga ya yanke abin da zai zama. Duk shekarun nan yana fito da na sama da wuri, yana barin na ƙasa su ƙara jimawa, kowa yana karɓar ƙwai daidai daga hannunsa ba tare da ya san an gyara masa komai ba. Bai taɓa faɗa ba saboda ba a taɓa tambayarsa ba. Kuma, a faɗi gaskiya, yana jin daɗin a ce akwai abu ɗaya a ginin nan da ba ya cikin littafin kowa.

Litinin ta zo. Ya goge ƙwan Dakta guda ashirin, ya ja musu layi, ya buɗe injin. Kantar tsakiya babu komai a kanta. Ya tsaya da tiren a hannu har zafin injin ya fara dukan fuskarsa, sannan ya ɗaga ya jera su a sama. Ya gaya wa kansa cewa bai yi ƙarya ba, bai fasa ko ɗaya ba, agogo aka ce kuma agogo zai bi. Mutum idan ya so cutar wani ba ya rasa hujja mai tsabta.

Awa talatin da huɗu cif ya fito da su. Dakta ya zauna a kujerar ya dasa duka ashirin, kowanne ya ɗauke shi hoto kafin ya rufe tagar, don shi mutum ne da ko tari ya yi sai ya rubuta. Bai ƙirga gaɓa ba. Bai ga dalili ba, tunda ga agogo, ga kuma yayansa da ya shirya ƙwan. Bayan kwana uku aka buɗe. Ƙwaƙwalwar kowane tayi ta ginu sumul yadda ta saba, tsakuwar na zaune a gefe kamar baƙon da ba a yi wa sannu ba.

Aka sake, haka. Aka yi na uku, haka. Dakta ya fara zuwa da ja a ido, ya daina cin abincin rana, yana ta sake lissafin yawan sinadarin. A ɗakin tsohuwa ya zama ba ya magana, har ta tambayi Mai Ƙwai ko wani ne yake takura wa yaron a wajen aiki. Ya ce aikin ne haka, ba kowa yake iya shi ba. Ya ji daɗin faɗar wannan, daɗin da bai kai shi bakin ƙofa ba.

Ranar Alhamis da safe, a taron sashen, Farfesa ta ajiye biro ta ce abin da ya rage a kwalbar na gwaji ɗaya ne. Idan shi ma bai yi ba, to ƙwai ba zai amsa wannan tambaya ba, kuma dama masu ba da izinin bincike sun daɗe suna cewa aikin ƙwai tsohon yayi ne. Za a koma faranti, wanda Dakta ya ƙware a kai. Ɗakin ƙwai za a kwashe shi a sa na'urorin faranti. Mai Ƙwai kuma, ta ce tana kallon takarda, ba za a rasa masa wuri a ƙasa wajen wanke kwalabe ba, har lokacin ritayarsa.

Ya koma ɗakin ya zauna a kan injin da ya mutu. Ya so a ce Auta bai iya ƙwai ba, sai ga shi an ce ƙwan ne bai iya ba. Ɗakin da ya hana ƙanensa kujera a ciki, yanzu gaba ɗaya za a miƙa wa ƙanen, har da tagar.

Yana nan zaune Dakta ya shigo ya rufe ƙofa. Ya cire gilashin ya sa a aljihu, sai ya koma Autan da aka sani. Ya ce ya duba komai bai ga kuskure ba, saura abu ɗaya. Ya miƙa hannayensa biyu yana kallonsu.

“Wataƙila ni ne, Yaya. Wataƙila ina ƙuje wurin ban sani ba. Ka dasa na ƙarshen nan. Na gaya wa Farfesa, ta yarda. Ba na so a ce ni na rufe maka ɗaki.”

Abin da Mai Ƙwai ya yi wata uku yana jira ke nan, ga shi an kawo masa har inda yake zaune. Ya nemi daɗin a ransa bai same shi ba. Ya ce to, Allah ya sa a dace.

Wannan karon a kantar tsakiya ya jera su. Awa talatin da huɗu ya rubuta a littafi, kuma gaskiya ya rubuta. Ya buɗe taga, ya ƙirga, goma. Ya zauna a kujerarsa, ya kafa ƙaramin yatsa, ya dasa ashirin. Dakta na gefe yana ɗaukar hoto kamar kullum. Bayan kwana uku, a cikin sha bakwai da suka rayu, sha uku sun ji saƙon. Daidai inda tsakuwar take wani sabon tudu ya taso, irin wanda wurinsa can baya ne, ga shi ya fito a gaba. Farfesa ta leƙa madubin ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ta ce hannu dai hannu ne, ɗakin ƙwai yana nan daram. Ɗalibai suka yi ta tafi. Dakta ya fi kowa tafawa.

Kwana biyu Mai Ƙwai ya yi yana tafiya kamar an ƙara masa tsawo. A rana ta uku ya iso bakwai saura kwata ya tarar da Auta a bakin ƙofa da takardu a hammata. Suka shiga. Auta ya shimfiɗa hotuna a kan tebur layi biyu, nasa a sama, na yayansa a ƙasa. Ya ce ya zauna ne ya ga inda hannunsa ya kauce don ya koya, sai ya ga tsakuwar tasa da ta Yaya wuri ɗaya suke, ko gashi babu tsakani. Daga nan idonsa ya sauka a bayan tayin. Ya ɗora kan biro yana ƙirgawa a fili. Na ƙasa goma, goma, sha ɗaya, goma. Na sama sha biyar, sha shida, sha biyar. Duka kuma awa talatin da huɗu.

“Yaya, nawa a ina suke kwana?”

Injin yana ta gurnaninsa. Mai Ƙwai ya duba ƙofa, ya duba taga, sannan ya ɗaga hannu ya nuna kantar sama.

Auta ya je ya buɗe, ya sa bayan hannunsa a sama, ya sa a tsakiya, ya sake sawa a sama. Ya rufe a hankali. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tattara hotunansa ya daidaita bakinsu a kan tebur. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, ba tare da ya juyo ba, shi fa tun yana ƙarami idan aka tambaye shi me zai zama cewa yake irin aikin Yaya.

A taron Alhamis Dakta ya tashi da hotunan. Ya ce an samu abu biyu a maimakon ɗaya: sinadarin yana aiki, kuma gwaji ukun da aka ɗauka asara ne sun nuna lokacin da ƙwayoyin ke daina jin saƙonsa, abin da babu wanda ya taɓa aunawa. Dalilin bambancin, ya ce, kantar sama ta fi zafi. Nan ya tsaya, bai ƙara ko kalma ba. Farfesa ta yi murna ƙwarai, ta ce wannan na biyun ma ya fi na farkon. Amma ba yarinya ba ce. Ta juyo ta kalli Mai Ƙwai ta saman gilashinta ta tambaye shi tun yaushe ya san da zancen kantar.

Auta ya sunkuyar da kai. Ƙofa a buɗe take ga Mai Ƙwai, yana iya cewa shi ma yanzu yake ji.

“Shekara ashirin da huɗu, ranki ya daɗe.”

Farfesa ta rubuta wani abu, ta ce kowa ya tafi, shi ya tsaya. Abin da ta gaya masa bai taɓa maimaita wa kowa ba, amma ya fito yana goge wuya da hankici.

Ba a rufe ɗakin ba, ba a kuma sauke shi wajen kwalabe ba. Sai dai kafin sati ya zagayo an rataya ma'auni a kowace kanta, an manna takarda a jikin injin cewa ba a dasa komai sai an ƙirga gaɓa an rubuta, an kuma ce shi zai koya wa duk wanda ya shigo yadda ake ƙirgawa. Mabuɗin da ya yi shekara ashirin da shida a aljihunsa aka yanka masa ɗan'uwa aka ba Dakta. Dasawa kuma aka raba, wannan satin shi, sati mai zuwa ƙanensa.

Ranar Asabar tsohuwa ta gaya wa maƙwabciya cewa Autanta ya gano wani abu da ya gagari kowa, har za a buga. Auta ya ce da Yaya suka yi. Ta ce ai ta sani, ba shi yake juya masa ƙwan ba? Matar Mai Ƙwai ta taka ƙafar mijinta a ƙarƙashin tebur, ya ci gaba da shan shayinsa.

Satin Auta ya zo. Mai Ƙwai ya tsaya a bayan kujerar da tiren ƙwai a hannu, yana kallon yadda ƙanensa ya kafa ƙaramin yatsa a bakin tebur, a daidai wurin da fentin ya goge, ya ɗauke numfashi. Hannun ko motsi.

“Nawa ka samu?” ya tambaya.

“Goma.”

Mai Ƙwai ya sunkuya ya leƙa madubin ta kan kafaɗarsa. Ya ƙirga sau biyu, yana neman ta sha ɗaya. Goma ce. Ya miƙe ya ɗauko ƙwai na gaba, ya fara yanka masa taga.